Maɓallan Baba Ba-Laifi

Shagon Baba Tela yana tsakanin garejin gyaran motoci da wani ƙaramin asibiti, ƙofarsa na kallon titi. Shekara talatin da huɗu yana ɗinki a wurin. Keke biyu ne a ciki, da teburin yanka wanda gefensa ya sha alli har ya yi fari, da bencin masu jira, sai ƙaramar talabijin da aka kafe can sama kusa da fanka. Mutanen layin kuwa Baba Ba-Laifi suke ce masa, don tunda aka san shi iyakar yabon da ya taɓa fita daga bakinsa ke nan. Ranar da aka haifi 'yar autarsa aka miƙa masa jaririya, ya duba ta sama da ƙasa kamar yadi, ya ce, "Ba laifi." Har yau matarsa ba ta bar yi masa gori ba.

Kowace Litinin da tsakar rana yakan ɗage ƙafa daga keke ya ɗora shayi. Bakanike ya shigo daga gareji yana goge hannu da tsumma. Nas ta tsallako daga asibiti da 'yar kular abincinta. Su ukun sai su zauna su yanke wa fim ɗin da suka kalla a ƙarshen mako hukunci. Akwai wani gwangwanin madara a kan teburin yanka. Wanda ya gama faɗin ra'ayinsa zai zazzage maɓallan ciki ya jera adadin da fim ɗin ya cancanta, daga ɗaya zuwa biyar.

Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bakanike ba ruwansa da wa ya auri wa.

"Ƙaramar mota aka nuna mana, amma kukan injin na tifa ne," in ji shi. "Raina hankali ke nan. Maɓalli ɗaya."

Nas kuwa idonta na kan gadon asibiti. "Sun rataye ledar ƙarin ruwa ƙasa da hannun mara lafiya. Ruwan zai hau tsani ne?"

Shi Baba Tela kaya yake kallo: wuyan riga, kalmasa, yadda hannu ya zauna a kafaɗa. Ko murya ba ya kunnawa. Da farko ƙarar keke ce ta hana shi ji, daga baya abin ya zame masa ɗabi'a, har a gida. Cewa yake surutu raba hankalin ido yake yi, kuma baki yana ƙarya, ɗinki ba ya yi. Bai taɓa ba wani fim maɓalli fiye da uku ba. Da ya ga sauran maɓallan biyu suna zaman banza, sai ya ɗauke su ya ɗinka wa rigar wani. Shekaru ke nan gwangwanin uku ne a cikinsa. Idan Nas tana son ba da huɗu, sai ta cika da murfin biro.

Babban ɗansa ne ya ƙirƙiro wannan wasa, lokacin da yake zaune a keke na biyu. Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Kwat ta ƙarshe da ya ɗinka tana nan rataye a bayan ƙofa cikin leda. Ranar da ya gama ta, uban ya juya cikinta waje, ya bi kowane ɗinki da yatsa, bai sami abin gyara ba, ya ce, "Ba laifi." Yana nufin ya faɗi sauran wata rana.

Auta ce ta gaji keken. Ta yi shekara shida a kai, sannan masu shirya fim suka ɗauke ta ta riƙa ɗinka wa 'yan wasa kaya. Da ta gaya masa, bai hana ba, bai kuma sa albarka da baki ba. Ya lulluɓe keken da zane ya ci gaba da yankansa. Shekara biyu tana kiran uwarta su sha hira, idan aka miƙa masa wayar sai gaisuwa da "ya aiki", a kashe.

Sai ga fim ɗinta na farko ya fito.

"Malam, ta ce Litinin za ta zo shago," in ji matarsa. "Ta ce yabon darakta bai dame ta ba, gwangwaninka take so ta gani. Don Allah ka kunna muryar ko sau ɗaya."

"Ɗinki zan duba ko waƙa?"

Ta yafa mayafinta ta tafi maƙwabta inda ake kallo kamar mutane.

Ranar Lahadi da la'asar ya zauna shi kaɗai a falo, ya goge tabarau, ya riƙe rimot. Da farko zuciyarsa ta yi fari. Rigunan matan sun zauna ɗas. Wani tsoho mai ɗaure fuska ya fito a matsayin tela, kuma ya riƙe almakashi yadda ake riƙewa, Baba Tela ya san Auta ce ta koya masa. Sai jarumin ya shigo, wani direba, da shuɗiyar riga, ya ɗaga hannu zai rufe ƙofar mota.

Baba Tela ya tsayar da hoton. Ya taso ya zo gaban talabijin.

Faci ne a gwiwar hannun rigar. A karkace yake. Zaren fari ne a kan shuɗi. Wani taku dogo, wani gajere, bakin ƙyallen ko ninkewa ba a yi ba. Ko ɗan kwana uku a shago ba zai yi wannan ba. Ya koma ya zauna. Ya ci gaba da kallo, sai abin ya ƙara muni: a tsakiyar fim facin ya canza, ya ɗan miƙe, zaren ya zama toka-toka. Can wajen ƙarshe ya sake canzawa. Riga ɗaya, faci uku. Ba ta ma tsaya ta daidaita su ba.

Ya mayar baya ya sake kallo har sau uku, ko idonsa ne. Ba idonsa ba ne. Gobe za ta zo. In ya faɗi gaskiya a gaban mutane, ya san wayar ma ba za a ƙara miƙa masa ba. In ya yi ƙarya, ita ce za ta fara ganewa, don a hannunsa ta koyi duba ɗinki.

Ranar Litinin Bakanike ya shigo yana washe baki, Nas na biye da shi, ta zo da murafun biro har biyu.

"Tsoho, yau sai ka yi mana kyautar shayi da madara," in ji Bakanike. "Motar ma kukanta nata ne. Karo na farko a tarihi!"

"Ledar ruwan ma a sama take," in ji Nas. "Na tambaya, ashe Auta ce ta ce su gyara. Baba Tela, lafiya? Fuskarka kamar an dawo maka da ɗinki."

Ya leƙa titi ya ga ba ta iso ba. Ya rage murya.

"Kun ga facin?"

"Wa zai ƙi ganinsa?" in ji Nas. "Shi ya sa ni hawaye."

"Ni ma," in ji shi. "Shekara shida ina koya mata. Farin zare a kan shuɗi, 'yar nan! Kuma sau biyu yana canzawa, ba wanda ya ce mata ga kuskure."

Nas ta dubi Bakanike. Bakanike ya dubi Nas. Sai ya ajiye kofinsa a hankali don kada ya zubar, ya kwanta a jikin bango yana dariya har da buga cinya.

"Wayyo cikina! Mutumina, wai ba ka kunna muryar ba?"

"Me ya haɗa murya da faci?"

"Baba Tela," in ji Nas tana share ido, "me ka fahimta a labarin?"

"Direba ne. Yana da riga."

"Matarsa ce take kwance a asibiti wata da watanni," in ji Nas. "Ka gane? Ita take yi masa ɗinki. Rigar ta yage, shi kuwa bai taɓa riƙe allura ba, kuma ya ƙi kai wa kowa, don ya yi mata alkawarin zai riƙe gidan da hannunsa har ta dawo. Shi ya yi facin. Kullum ya kai wa tsohon tela maƙwabcinsu ya duba, tsohon ya sa shi ya farke ya sake."

"Kuma ka san abin da tsohon yake ce masa?" in ji Bakanike. "Tun daga farko har ƙarshe magana ɗaya gare shi. Duk layin nan an gane ka, har mai wankin mota. Kai kaɗai ne ba ka gane kanka ba."

Bai jira izini ba ya hau benci, ya haɗa wayarsa da talabijin, ya nemo wurin. Ya murɗa muryar har ƙarshe. Rabon da akwatin nan ya yi magana an manta, sai da ya yi kakari tukuna.

Baba Tela ya tsaya da tef a wuya yana kallo. Direban ya miƙa gwiwar hannunsa. Tsohon cikin fim ya gyara tabarau, ya bi facin da yatsa, ya ɗaure fuska ya ce, "Ba laifi."

Shagon ya kaure da dariya, har da wata murya daga bakin ƙofa. Auta ce tsaye da jakarta a kafaɗa, dariyar na fita amma idonta na kan ubanta.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Kin iso lafiya?" Bai juyo ba. "Kai, matsar da shi gaba. Facin ƙarshe. Tsaya nan."

Baba Tela ya matso ya ɗaga kai. Jiya haushi ya rufe masa ido, canzawar kawai ya gani. Yau ya ga ɗinkin. Bakin ƙyallen a ninke, takun daidai, kuma a kusurwar ƙarshe an koma baya taku uku an ɓoye jelar zaren a ciki. Haka yake rufe ɗinki. Haka ya koya wa yayanta, haka ya koya mata.

"Na farkon fa?" ya tambaya. "Yaya kika yi ya lalace haka?"

"Da hagu na yi, Baba. Sau goma sha ɗaya. In na yi da dama sai hannun ya ƙi, ya riƙa miƙewa da kansa. Darakta ya ce ba wanda zai lura. Na ce akwai mutum ɗaya."

"Ya lura kam," in ji Bakanike. "Saura kaɗan ya kai ƙararki."

Nas ta fara. Ta zazzage gwangwani, ta jera maɓalli uku da murfi biyu. Bakanike ya ba da huɗu, ya ce ya rage ɗaya don direban ya taka kuloci kamar yana kashe kunama. Sannan aka tura wa Baba Tela gwangwanin.

Ya ajiye ɗaya. Ya ajiye na biyu. Ya ajiye na uku. Ya girgiza gwangwanin, babu komai.

"Uku ma ai ba fim ɗin da ya taɓa wuce nan," in ji Auta da sauri. "Na gode, Baba."

Nas ta turo masa murafun biro. Ya kawar da su da bayan hannu. Ya dubi bayan ƙofa inda kwat ɗin take rataye, ya ɗan jima. Sai ya ɗauki ƙaramin almakashi, ya sunkuyar da kai, ya datse maɓallin wuyan rigar da ke jikinsa. Ya datse na ƙasansa. Ya jera su kusa da ukun, ya daidaita layin da yatsa.

Ya buɗe baki, kowa ya san abin da zai fito. Ya rufe. Ya yi gyaran murya.

"Auta, aikinki ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Ni ban iya lalata ɗinki haka ba."

"La'ila!" in ji Bakanike. "Nas, auna shi. Auna shi yanzu, wannan ba lafiya ba ce."

Auta tana dariya tana goge fuska da bakin mayafi. Ta janye zanen da ke kan keke na biyu, ta buɗe 'yar durowar, allurarta na nan inda ta bar ta.

"Kawo in mayar maka da su, Baba. Da dama kake so ko da hagu?"

"Bar su." Ya kwashe biyar ɗin ya zuba a gwangwani ya rufe. "Wa ya sani ko za ki sake yin wani."

Ya nemi fil ya maƙale wuyan rigarsa, ya koma kan keke. Haka ya wuni, tela guda da riga ba maɓalli. Duk wanda ya shigo karɓar ɗinki ya tambaya, sai ya nuna masa talabijin da haɓa, ya ce a zauna a kalla, amma a yi shiru, yana so ya ji abin da suke cewa.