Alhaji Mamman da Yaron da Bai Taɓa Shan Ƙasa Ba

Ku matso kusa, ku kife wayoyinku, ga ta nan tafe gare ku. Sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, labarin yayana ne, Alhaji Mamman, Allah ya ji ƙansa.

Duk saurayin da ke cikinku ya san gaisuwarsa. Ba ya amsa maka sai ya matsa dantsenka, ya sunkuya ya dubi ƙwaurinka. Har likitan da ke duba masa zuciya bai tsira ba. A bakin fagen kokawa ya tashi can Tawa. Shi kansa bai taɓa kama kowa ba, siriri ne kamar kara, amma a ganinsa Allah ya ba shi idon sanin maza.

Da muka zauna a McLeansville, can ƙasar Turawa, amininsa Malam Sabo, Bakanon nan mai tasi, shi ne ƙafarsa. Shi ke kai shi Juma'a, shi ke kai shi asibiti, kuma shi ya fara kai shi kallon besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, cikin gari, inda ake gwada yara kafin a ɗauke su zuwa manyan ƙungiyoyi. Malam Sabo da alƙaluman ƙwazon 'yan wasa na cikin waya yake auna yaro. Yaya kuwa har ya koma ga Ubangijinsa bai san yadda ake cin wasan ba, bai kuma tambaya ba. Doka ɗaya ya riƙe, ta kokawa: wanda jikinsa ya taɓa ƙasa an kayar da shi.

To a wasan nan, sai wanda ya sami ƙwallo da sanda ke tashi gudu, kuma yaro in ya sheƙo da gudu, da gangan yake zubewa rub da ciki don ya riga ƙwallo isa wurin tsayawa. Akwai wani ɗan tsamurmuri da Malam Sabo ya rantse zai yi nisa, kullum a turɓune yake tashi. Yaya ya sa masa Ƙadangare. Fili ya ɗauki ihu ana yaba yaron, shi kuwa ya kau da kai yana salati, wai kunyar uwarsa yake ji.

Nasa gwanin wani ƙato ne da ya sa wa Bijimi. Yakan miƙe cikin Turawa ya ɗaga hannu ya zuba masa kirari da Hausa, su yi ta tafi ba su san me ake faɗi ba. Da Sallah har soyayyen nama ya ƙulle ya miƙa masa ta saman shinge. Matsalar ɗaya ce. Bijimi zai kai wa ƙwallo duka, ya daki iska, ya sake dukan iska, ya koma ya zauna.

Wata rana a hanyar gida Yaya ya ce, "Sabo, ka ga wandonsa? Fari fat. Ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa."

Malam Sabo ya ce, "Alhaji, wanda bai tashi gudu ba, a ina zai faɗi?"

Nan Yaya ya sa aka tsaya a gefen titi, ya fita, ya rantse ba zai ƙara shiga motar nan ba sai Sabo ya yarda Bijimi gwani ne. Ni ina baya da kayan miya. Muka yi ta binsa a hankali har ƙofar gida, yana tafe yana dogara sanda, bai waiwayo ba.

Wasa-wasa abin ya ja. Bas ba ta zuwa wajenmu, 'ya'ya duk suna aiki. Juma'a ta wuce shi, ranar likita ta wuce shi. Na ce ya yi kaffara, ya ce ba yunwar azumi yake tsoro ba, gaskiya ce ba zai sayar ba. Ana haka aka ɗauke Ƙadangare zuwa babbar ƙungiya, Bijimi kuwa aka sallame shi. Yaya ya ce dama ƙasar nan ba ta san maza ba.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, na tura aka kira Malam Sabo. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa, mota na kunne. Shi ma ba mai iya ƙarya ba ne. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Alhaji, na shaida gaban Allah, ban taɓa ganin an kai yaron nan ƙasa ba."

Yaya ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Sai yau ya gane. Miƙo min takalmina."

Ya shiga gaba ya zauna, suka tafi asibiti, yana yi masa faɗan motar ta yi ƙura tun da ya daina shiga.

Wannan zuwan ya ƙara masa damina biyu, kuma duk a filin nan suka cinye su suna musu. Ƙadangare yanzu a talabijin jikokina ke ganinsa. Bijimi, an ce ya koma garinsu yana aikin kashe gobara. Malam Sabo ya ajiye tasi, ido ya yi rauni, kallon ma ya bari, ya ce ba daɗi in ba mai ƙaryata ka. Ni kuwa ga ni, na tsufa ina ba ku labari.

Allah ka yafe wa Yaya Mamman, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da amininsa a inda ba a rabuwa. Amin.