Amshi Babu Mai Ja

Ƙarar tulu ce ta tono mini wannan magana. Ba tulun ruwa nake nufi ba, a'a, wanda mata ke bugawa a coci, a daki bakinsa da tafin hannu ya ce gum, gum, har ka ji shi a cikin cikinka. Ɗana ne ya shigo mini da shi gida nan Samaru wata Asabar, tare da wata Baturiya da ta zo jami'arsu binciken kiɗe-kiɗe. Ya ce daga Aislan take, wata ƙasa can cikin ƙanƙara, wadda mutanenta kaf ba su kai mutanen Zariya yawa ba. Na dama mata kunun gyaɗa, ta sha, ta ƙara.

Cikin hira ta ce a ƙasarsu yaro da harshen uwarsa yake koyon waƙa a makaranta. Ƙungiyar makaɗa, kari, hawa da saukar murya, duk suna da sunansu na gida. Abin da suka rasa sunansa ma, sau da yawa zama suke yi su ƙera masa daga tsofaffin kalmomin kakanninsu, ba su tsaya jiran Ingilishi ya ba su aro ba. Sai ta juyo ta tambaye ni, mu fa, me muke kiran matar da take fara waƙa sauran su bi ta? Kafin in buɗe baki ɗana ya ce, "Solo muke cewa." Wallahi da ludayin kunun na hannuna da na ƙwala masa. Amma ba laifinsa ba ne. Na san mai laifin, kuma yau zan faɗa maka.

Na tashi a Sabon Gari, a wani gidan haya kusa da layin dogo, inda Baba yake aiki. Ɗakunan a jere suke, kowace ƙofa da yarenta da ƙamshin miyarta. Kakata, wadda ta haifi Baba, ta dawo wurinmu daga wani ƙauye bayan Bomo da mijinta ya rasu. Mutanenta manoma ne da suka shiga coci da girmansu, kuma ba su bar waƙoƙinsu a bakin ƙofa ba. Karin waƙar niƙa da ta gayya suka ɗauko suka sa wa yabon Ubangiji. Kaka ce mai ja a zumuntar mata, wato ita ke ba da waƙa, mata su yi amshi. Muryarta kauri gare ta, da ɗan dishi-dishi na hayaƙin murhu. Idan ta ja baiti takan lanƙwasa ƙarshensa ya gangaro a hankali, ita tana kiran wannan karya murya, kuma a daidai wurin ne tulu ke faɗowa.

Babbar ranarta ita ce Lahadin godiyar girbi. Lokacin dawa ta shigo gida, gari yana ƙamshin sabuwar gyaɗa da rake. Mata sukan jeru a waje da kwanduna da dammuna a ka, Kaka ta tsaya a bakin ƙofa, tana kiran kowane gida da waƙa. Ba kayan kawai take faɗa ba, har da abin da shekara ta yi wa gidan. Ga matar makanike da masara, bana ta samu 'ya mace. Ga matar soja daga Basawa da doya, mijinta ya dawo da ƙafarsa. Mata su amsa, "Karɓi, Uba, naka ne," a rangaɗa guɗa, mai kaya ta taka zuwa gaba ta sauke.

Idan gidan an yi rashi a shekarar, ba a guɗa. Kaka takan sassauta, ta ambaci mamacin, ta faɗi wani abu nasa da kowa ya sani, mata su amsa mata da wannan amshin dai. Uwar mamaci ta sauke kayanta, ta yi kukanta a gaban jama'a, mata su rungume ta. Daga ranar ce take cire baƙin ɗankwali, ta koma kasuwa, ta koma cikin mutane. Ba a rubuta wannan a littafin coci ba, amma kowace mace ta san haka ake yi.

A daminar da nake ba ka labari, ƙyanda ta ɗauke mini ƙane. Bai daɗe da fara tafiya ba, kullum yana bin kajin gidan da ƙafa a gwame. Mama ta ɗaura baƙin ɗankwali ta daina magana sai dole. Tana jiran girbi. Dukanmu mun san abin da take jira.

A wannan daminar ce kuma aka kawo mana sabon malamin waƙa. Ya yi kwalejin horon malamai, yana da farar riga mai guga da 'yar sanda siririya, kuma ya zo da allo. Ya cika shi da do, re, mi, ya ce daga yau a cocin nan akwai muryoyi huɗu, sufurano da alto da tena da bas, duk wanda ba ya cikin huɗun nan ba ya cikin waƙa. Ya sa aka sayo harmoniya, wannan akwatin da ake tattaka wa iska da ƙafa. Ya jera mu yana gwada muryoyi kamar mai zaɓen tumatir. Ni ya jefa ni sufurano, aka ba ni benci a gaba.

Da aka zo kan Kaka, ya ce ta rera baiti ɗaya. Ta rera. Ya ce ta maimaita zai rubuta. Ta sake rerawa, amma da wasu kalmomin, domin a tsakani wata mata ta shigo da goyo, Kaka kuwa ba ta iya ganin mutum ya shigo ba ta sa shi a waƙa ba. Ya ɗaure fuska ya ce abin da ta faɗa da fari yake so. Ta ce, "Ɗana, wancan ya wuce. Na wanda ke tsaye a lokacin ne." Mata suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce muryarta tena ce, tena kuwa layin maza ne. Ya ce wannan gangarowar da take yi sunanta fulat, kuskure ne, mutum ya kasa kai murya inda ya dace. Ka ji fa! Abin da tsohuwa ta yi shekaru tana gogewa tun tana budurwa a bakin dutsen niƙa, yaron da bai kai ɗanta ba ya sa masa sunan Turanci, shi ke nan ya zama cuta.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne ba wanda ya tambaye shi ko a Ingilishin akwai sunan mai ja, ko na karya murya, ko na guɗa. Da ya laluba bai samu ba, sai ya yanke cewa abubuwan ne babu. Dattawan coci kuwa suka bi shi suna gyaɗa kai, don kada cocin 'yan kudu da ke tsallaken titi su ce mu 'yan ƙauye ne. Baba na cikinsu. Allah Ya jiƙansa, ubana ne, amma a nan bai kyauta ba. Na ji Kaka tana ce masa a tsakar gida, "Matarka fa? Wa zai kira mata yaron?" Ya ce fasto zai sa shi cikin addu'a. Ta dube shi ta ce, "Addu'a daban." Ya ɗauki kekensa ya fita.

Ranar godiya ta zo. An kulle tulunan mata a sito. Matan zumunta an raba su, wasu nan wasu can, kowacce a layin muryarta, da takarda a hannu wadda rabinsu ba su iya karantawa ba. Muka tashi muka yi wata waƙar Turanci mai murya huɗu da muka sha bulala a kanta. Masu kaya suka riƙa shigowa shiru kamar masu layin asibiti. Can sai ga Mama da kwandon gyaɗa a ka, da baƙin ɗankwalinta. Ta zo tsakiyar coci ta tsaya. Na bayanta suka tsaya. Ba ta san yadda ake ƙarasawa ba tare da an kira ta ba.

Kaka ta miƙe daga bencin baya. Ta ja baiti da muryar nan tata, ta ambaci sunan ƙanena. Mata suka dubi juna, suka dubi sandar malam. Ba wadda ta amsa. Ni na amsa, da 'yar muryata, "Karɓi, Uba, naka ne." Sandar ta sauka a kan yatsuna. Malam ya yi wa mai harmoniya alama, ya tattaka da ƙarfinsa duka. Ina ganin bakin Kaka yana motsi, tana faɗin abin da ta tanadar wa yaron tun damina, amma akwatin nan ya danne komai. Ta kai ƙarshen baitin ta jira. Ta jima a tsaye, sannan ta zauna. Mama ta ajiye kwandon a nan tsakiyar hanya ta fita.

Da muka koma gida na roƙi Kaka ta faɗa mini abin da ta ce. Tana tsince wake ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba a ja sai da masu amsawa." Na ce ga ni. Ta shafa yatsun da aka doka ta ce mutum ɗaya ba jama'a ba ne. Ba ta ƙara ja ba har ta koma ga Mahaliccinta. Mama kuwa ta ci gaba da zuwa coci, ta ci gaba da dafa mana abinci, ta sake haihuwa ma. Amma baƙin ɗankwalin nan, in ya tsufa sai ta sayi wani. Da shi muka same ta ranar da ta cika.

Yanzu in ka shiga cocin nan za ka tarar da jita da ganguna na Turawa da lasifika mai fasa kunne. Tulun ma an fito da shi, ana bugawa sau ɗaya a shekara ranar da suke kira ranar al'ada, 'yan mata su ɗaura zane su yi hoto. Malamin waƙa ya tsufa, an karrama shi, hotonsa na rataye a ofis. In mun haɗu nakan gaishe shi, domin an koya mini gaisuwa. Ban taɓa jin ya san abin da ya yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Su mutanen ƙanƙara da suka ga baƙuwar kalma sai suka tambayi kakanninsu me za a kira ta. Mu muka ɗauki baƙuwar kalma muka rufe wa kakarmu baki da ita.

Duk wannan na faɗa wa Baturiyar nan, ɗana yana fassarawa, muryarsa tana ƙanƙancewa. Na ce mata mai ja ake cewa, ta rubuta. Sai ta kunna 'yar na'urarta ta roƙe ni in rera mata waƙar, ko kaɗan ne. Ɗana ya gyara tulun a cinyarsa ya daki bakinsa. Na buɗe baki na ce, "Karɓi, Uba, naka ne." Na tsaya nan. Ta ce in ci gaba. Na ce mata iyakar nawa ke nan, yanzu mai ja ce za ta faɗi abin da ta tanadar wa yaron. Muka zauna mu uku, na'urar tana ta ɗauka.