Ranar da Na Goya Yaya a Mashin

Yayana ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa, amma shi ke fassara mana finafinan Turawa. Gidan kallon wani shago ne a Ƙofar Ƙaura, benci shida da talabijin ɗaya. In an sa kaset, mai shagon yakan rage murya ya ce, "To, bismilla." Sai Yaya ya matsa kusa da akwatin ya riƙa sa wa kowa magana a baki. Ƙarya ce tsagwaronta, kowa ya sani, amma ranar da ba ya nan rabin bencin ba kowa.

Finafinan da ya fi so su ne na mutum biyu: wani ƙato marar fara'a mai farautar waɗanda suka guje wa shari'a don a ba shi lada, da ɗan damfara mai zaƙin baki da ya kamo. Ƙaton ya haɗa hannunsa da na ɗan damfarar da ankwa, su kama hanya. Ana harbi, mota na ƙundumbala, ɗan damfarar bai fasa zuba ba. Yaya yakan ba shi maganganun da suka fi daɗi, har ya sa Bature ya rantse da kabarin kakarsa ta Ƙofar Durɓi. Ƙarshen kuwa kusan ɗaya ne kullum. In sun iso ƙofar da za a miƙa shi, sai ƙaton ya tsaya, ya ciro makulli ya kwance ankwar. Nan Yaya ke kumbura murya ya ce, "Tahi, kar in ƙara ganin ka!" Shago ya kaure da tafi.

'Yan unguwa suka raba mana matsayi: shi ne ɗan damfara, ni ne ƙaton, don ba na dariya. Ni ne kuma na yi boko har na zama malamin makaranta. Daga baya na sake kallon wasu finafinan da kunnen mai jin Turanci, na tarar maganar Turawan ba ta kai ta Yaya ba ko kusa.

Da waya ta shiga hannun kowa, finafinai suka riƙa zuwa da fassararsu daga situdiyo, gidan kallo ya koma shagon cajin waya. Yaya ya rasa masu sauraro. Ban san ranar da ya fara shan maganin tari ba, na dai lura maganarsa ta fara ja, yana fara labari ya manta inda ya dosa. Daga kwalba ya koma ƙwaya. Mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka Kawu, ƙanen Inna, shi ya yanke shawara: a kai shi gidan mari, wurin wani malami a bayan gari da ke tsare masu shaye-shaye. Sau biyu Kawu na zuwa da mutane, sau biyu Yaya na haura katanga.

Sai Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kai kaɗai ya yarda da kai. Kai ba ka taɓa yi mashi ƙarya ba."

Haka ne, ban taɓa ba, kuma shi ya sa ta farkon ta yi aiki. Na ce masa akwai wani Alhaji da ya buɗe situdiyo wajen Ƙofar Marusa, yana neman mai muryar fassara, na kuma riga na yi wa Alhajin bayaninsa. Cikin dukan ƙaryar duniya wannan na zaɓa, don na san ita ce ba zai iya ƙi ba. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Da safe ya yi wanka, ya sa farar shaddarsa ta Sallah, ya karya hula. Ya ce mini, "Ƙane, yau ko ɗigo ban sha ba, wallahi." Idonsa kuwa garau. Na goya shi a mashin. Tun daga ƙofar gida yake gwada muryoyi a kunnena, ta ƙato, ta ɗan damfara, ta tsohuwa mai masifa. Na yi dariya, ni da ba na dariya, hawaye na bin kuncina, na bar shi ya ɗauka iska ce.

Muka wuce Ƙofar Marusa ban tsaya ba. Ya ce, "Ba nan ba ne?" Na ce gaba kaɗan. Da gidaje suka fara ƙarewa sai ya daina gwada muryoyin. A hankali nake tafiya, ga rairayi gefen hanya, da ya so dira da ya dira. Wallahi na so ya dira. Sai ma ya ƙara riƙe rigata.

A ƙofar gidan marin, ga Kawu tsaye da wasu ƙarti biyu. Yaya ya sauka, ya kaɗe shaddarsa, ya dube ni yana ɗan murmushi.

"Ƙane, nan hwa ne ake ciro makulli."

Mashin na kunne, hanya na buɗe a bayanmu. Kalma ɗaya ce, na kuma san ta, na ji ta daga bakinsa ya fi a ƙirga. Na dubi Kawu, na kashe mashin.

Wata bakwai ya yi. Ya fito da tabon mari a idon sawu, bai kuma yi wata biyu ba ya koma wa ƙwayarsa. Abin da aka raba shi da shi a can surutu ne kawai. Yanzu a zaure yake wuni. In na gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi iyali, kamar yadda ake yi wa maƙwabci. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba.

Bara na samo irin fim ɗin nan a waya, wanda ba a fassara ba. Na zauna kusa da shi, na rage murya kamar yadda mai shago ke yi, na ce, "Yaya, bismilla."

Ya daɗe yana kallon ƙaton da ɗan damfarar suna gudu da ankwa a hannu. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Malam, ai ka san ban jin Turanci."