Gurbin da Lawali ya bar wa kalangu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana Lawali, kuma abin da nake so a ce ban aikata ba ƙarami ne a idon wanda bai sani ba: na sa shi ya goge wani kiɗa. Kiɗan nawa ne, da hannuna na yi shi, a cikin waƙarsa. Ina tsaye a kansa ya danna abin gogewa. Ban mare shi ba, ban tsine masa ba, ban kore shi daga gida ba. Amma tun daga ranar da aka kai shi makwancinsa ba na iya zama wuri ɗaya. Ina zaune yanzu a gidan 'yata Zainabu a Summerfield, inda shiru ya yi yawa har kana jin dokin maƙwabci yana huci, sai in tashi in zagaya gida, in dawo, in sake tashi.

Sai na faɗi ko ni wane ne kafin a gane laifin. Sunana Isuhu, mutumin Maraɗi. Karatuna na lakwal bai wuce firamare ba, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Gidanmu gidan makaɗa ne. Mahaifina Tanko kalangu ya yi wa mahauta har ya tsufa, haka ubansa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san matsayin makaɗi: ana kiransa in biki ya tashi, a yi masa kari, a yi rawa har ƙura ta tashi, amma ranar da ɗansa ya je neman aure sai a tuna da asali. Ni na sha wannan ruwan ina saurayi. Da Allah ya kawo ni garin Greensboro, a nan ƙasar Turawa, na sami tuƙin kamyon, wato babbar mota, ina kai kayan ɗaki manyan gidajen Irving Park, sai na ce na bar kalangu a bayan teku. Wanda ya tambaye ni sana'ar gidanmu, in ce fatauci. Na je Makka, aka fara ce mini Alhaji, ana ba ni kujerar gaba a taron suna.

Lawali a nan aka haife shi, da ciwon amosanin jini. Yaron da ya san gadon asibiti tun kafin ya san ajin makaranta ba ya yarda da "sai gobe". Kome zai yi, yau yake son yin sa. Ina yi masa Hausa yana amsa mini da Turanci, kamar sauran yaranmu. Da ya zama saurayi uwarsa ta matsa a kai shi gida ya ga dangi, kuma a can ne ƙanena ya fasa ƙwai. Ya saɓa kalangu ya kaɗa masa taken gidanmu, wato kiɗan da in an yi shi kowa ya san da zuri'armu ake. Yaro ya dawo da kalangu a cikin akwati, da tambayoyi cike da baki. Na ce ya kai shi inda ba zan gan shi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na sani, amma ni so nake ya yi rarrafen.

Ya kama hayar wani tsohon gida a Glenwood, kusa da jami'a, shi da abokan kiɗansa. Babbar abokiyar aikinsa Rahila ce, 'yar wasu Kiristoci mutanen Jos, mai kaɗa jita mai kaurin murya wadda suke kira bes. Salon kiɗansu da Turanci new wave, wai sabon yayi, ko da yake Lawali da kansa ya ce salon ya girme shi nesa ba kusa ba. Na ce to, ku Turawa, tsohon tuwo ma in an ɗumama sabo ne.

Wata Asabar da rana ya roƙe ni in je in ji waƙar da suke haɗawa. Na tafi ne da niyyar in yi masa faɗa kan barin karatu. Na tarar sun jingina katifu a bangon ɗaki don kada ƙara ta dawo. Ya zaunar da ni ya ce ba zai kunna duka ba, zai gina mini ita kamar yadda suka gina ta. Da farko ya saki wani ɗan akwati mai buga ganga da kansa: tak, tas, tak, tas, ba ya sauri, ba ya nawa, ba ya numfashi. Na ce wannan ai agogo ne, ba ganga ba. Ya ce haka ake so. Sai bes ɗin Rahila ya shigo, shi ne a gaba, yana tafiya da gaggawa kamar mai bin bas ɗin da ya riga ya tashi. Jitar Lawali kuwa ba ya barin ta ta yi kuka mai tsawo irin na 'yan rok da nake ji a rediyon kamyon. Guntu-guntu yake yanka ta, kamar yankan kuɓewa. A saman su duka akwai fiyano na lantarki mai siririyar murya mai sanyi, wadda ta tuna mini fitilun dogayen barandun asibiti. Tafin da ke ciki a banɗaki suka ɗauke shi, saboda bangon tayil yana mayar da amo.

Muryarsa ta zo a ƙarshe, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki. Mu mawaƙinmu yana zuba murya, ya ja ta, ya karya ta. Shi a miƙe yake rerawa, ba ado, kamar mai karanta sanarwa a tasha. Baitocin da Turanci ne, a kan mutumin da ke zaune a ɗakin jira ana kiran sunan kowa ban da nasa. Amshin kaɗai ya yi da Hausa: "Ba ni zama, ba ni tafiya." Can a tsakiya sai jita da fiyano da murya suka ɗauke, aka bar akwatin ganga da bes suna ta tafiya su kaɗai, fili fetal.

"Nan fa? Kuɗin wuta ne ya ƙare?" na tambaye shi.

"Nan wurinka ne, Baba," in ji shi, da Hausarsa mai ɗingishi. Ya ce kome a waƙar miƙaƙƙe ne kamar ƙarfen dogo, da gangan suka yi haka, don abu ɗaya tak ya zo ya lanƙwasa. Sun gwada da fiyano, sun gwada da jita, babu mai matse murya ya sake ta kamar kalangu a hammata. Shi kuma hannunsa bai nuna ba.

Rahila ta yi dariya ta ce, "Baba, kar ka ce ba ka iya ba. Tun da aka kunna yatsunka ke wahalar da gwiwarka."

Na duba, gaskiya ta faɗa. Na karɓi kalangun don in nuna musu ya saki, na ɗaɗɗaure tsarkiyarsa, na ɗan gasa fatar a hasken taga. Daga nan ban san lokacin da na saɓa shi ba. Da farko muka yi faɗa da akwatin nan, domin makaɗi bin mawaƙi da mai rawa ya saba, ba bin ƙarfe ba. Sai na gane ba bin sa zan yi ba, zagaye shi zan yi, in shiga gabansa kaɗan, in koma bayansa, shi yana tsaye kamar turke ni ina kewayawa. Na sako taken gidanmu a cikin filin nan, ya zauna daram kamar don shi aka yanka wurin. Da aka tsaya Lawali ya kwanta a ƙasa yana dariya yana buga ƙafa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ban sake gani ba.

A hanyar komawa gida shaiɗan ya hau kujerar gefe. A lokacin ana maganar auren Zainabu da ɗan wani gidan malamai. A raina na hango waƙar ta fita, ta shiga wayoyi, wani dattijo ya ji taken ya ce, ai wannan hannun gidan Tanko ne. Na juya mota. Na ce wa Lawali ya goge kiɗan nawa da ya ɗauka, a gabana. Ya ce zai cire sunana. Na ce take ai shi ne suna. Ya ce zai ajiye har bayan biki. Na ce in ni na haife ka, goge. Rahila ta fita ta bar mana ɗakin. Ya dube ni, ya dubi allon kwamfuta, ya goge. Da ya yi mini gardama, da ya ɓoye wani kwafi ya yaudare ni, da na sami abin riƙewa. Biyayya ya yi mini, kuma ita ce ke cin raina.

Aka yi biki lafiya. Bai cika shekara biyu ba bayan haka ciwon ya tashi masa tashin da bai sauka ba. A zaman makoki wani tsohon abokina, Alhaji Mamman, da muke sahu ɗaya a masallaci, ya dafa ni ya ce, "Allah ya jiƙan jikan Tanko mai kalangu." Na ɗago a firgice. Ya ce, "Haba Isuhu, wa kake ɓoye wa? Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kai a danja ya ga abin da kake yi wa sitiyari. Surukanka ma sun bincika tun kafin su kawo goro." Ashe tafin hannu na sa ina rufe rana. Abin da na yanka farin cikin ɗana dominsa, kowa ya san shi, kuma bai hana kowa barci ba sai ni.

Nakan tambayi kaina abin da Lawali zai ce da ya ga yau. A bukukuwanmu na nan, 'ya'yan alhazan da nake jin kunyarsu su ne ke sa mai kiɗan faifai ya saki kalangu, suna ɗauka da waya suna tura wa duniya. Jikokina suna alfahari a makaranta cewa kakansu ya iya ganga mai magana. Ina jin dariya zai yi, ya ce Baba ka ga ni na riga su. Amma ba na jin zai yarda da kome. Yanzu an ce na'ura tana iya ƙirƙiro kiɗan kowane hannu in ka gaya mata. Shi da ya fi kowa son akwatin ganga, ya san iyakarsa. Ya so ƙarfe ya zama ƙarfe, mutum ya zama mutum, a ji su suna ja-in-ja. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidana an sami akasi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A farkon bazarar nan Rahila ta zo Summerfield da ɗanta a hannu. Ta ce tana so ta fitar da waƙar, ta gaji da ajiyar amana. Ta bincika duk na'urorinsa, babu ko ɓurɓushin abin da na kaɗa. Amma ta gaya mini abin da ban sani ba: sau da yawa abokansu sun ce a cike filin da jita a wuce wurin, Lawali ya ƙi. Ya ce a bar wa tsoho, zai dawo.

"Baba, zaɓi uku ne," in ji ta. "A bar shi fili, ko na'ura ta cike, ko kai."

Na ce, "'Yata, dubi hannun nan." Tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa.

Ta ce, "Na gani. Ban ce ka yi na da ba."

Na yi ta zuwa gidanta muna gwadawa. Akwatin nan bai tsufa ba ko da kwana ɗaya, ni kuwa kafaɗa ta ƙi, hammata ba ta matse tsarkiya yadda take yi. Inda a da nake kewaye shi, yanzu jan ƙafa nake a bayansa. Mafi wuya shi ne kafin filin ya zo sai muryar Lawali ta wuce ta kunnena, a miƙe, ba ni zama, ba ni tafiya, sannan a ce in kaɗa. Sau da yawa na ajiye na fita waje. A ƙarshe muka sami ɗaya da taken ya fito a gane shi. Rahila ta ce za ta iya gyara inda na kauce da kwamfuta, ba wanda zai sani. Na ce a'a, an yi ɓoye-ɓoye ya isa. Na ce kuma ta rubuta a jiki: kalangu, Isuhu ɗan Tanko, na Maraɗi.

Ba zan yaudari kowa ba, wanda za ku ji bai kai rabin wanda Lawali ya ji ba. Wancan mutum uku ne suka ji shi a duniya, ɗaya ya tafi. Abin da ya rage mini na ɗana ba hotunansa ba ne, ba ma muryarsa ba. Haƙurin nan ne na mutumin da bai taɓa iya jiran kome ba, amma ya bar wa ubansa wuri a buɗe har ya koma ga Allah. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.

Ku iyaye 'yan'uwana, na nan da na gida, ga roƙona. Akwai abin da kowannenku ya binne don a kira shi da babban suna: wani jima, wani ƙira, wani wanzanci, wani waƙa. In ɗanku ya tono shi ya kawo muku da murna, kada ku ɗora masa kunyarku, kada kuma ku yi amfani da biyayyarsa ku kashe abin da yake so. Ku ba shi tun hannu na da ƙarfi, tun yana nan da zai ji.