Tarin Farar Saniyar Kaka

Ina 'yar shekara takwas, tun ba a ba mu mulkin kai ba, muna zaune a Tudun Wada. Kakata, mahaifiyar babana, tana da farar saniya ɗaya tilo, ɗaure a gindin tsamiya bayan gida. Da ita ta zo daga ƙauye bayan rasuwar kakanmu. Kullum da safe takan tatse ta, ta miƙo mini ƙoƙo da ɗuminsa, in kafa kai har kumfa ta taɓa mini hanci.

Da damina ta yi nisa sai saniyar ta fara tari, busasshe, kamar ana kankare ƙwarya. Tana ci amma tana ramewa, har haƙarƙarinta suka fito. Kaka ta ba ta kanwa, ta jiƙa mata ɓawon maɗaci, duk a banza.

Babana malamin asibiti ne. Ran wata Lahadi da muka dawo daga majami'a, ya daɗe a tsaye yana sauraron tarin, sannan ya durƙusa gaban Kaka.

"Inna, daga yau kada yarinyar nan ta ƙara shan nonon nan."

Kaka ta ce, "Nonon kakar wannan saniya ka sha ka zama mutum. Yau kuma shi ne guba?"

"Na sani, Inna. Amma akwai tarin da ke bin nono ya shiga mutum. Kullum ina ganin masu shi a wurin aiki."

Bai jira ta yarda ba, ya kira malamin dabbobi. Wani gajeren dattijo ne, ya zo a kan keke. Ya aske gashi kaɗan a wuyan saniyar, ya yi mata allura, ya ce zai dawo bayan kwana uku. Da ya dawo, wurin ya kumbura. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Inna, sai haƙuri. Tarin fuka ne. Ba ya jin magani, ko naman ma ba za a ci ba. Sai dai a kai ta bayan gari a kashe a binne."

Kaka ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta roƙa, kada kowa ya ja igiyar sai ita. Da hantsi ta kwance ta, suka bi hanyar Gyallesu a hankali, Baba da malamin suna biye. Na bi su har bakin rafi, Kaka ta juyo ta ce, "Koma gida." Sai da la'asar suka dawo babu saniyar, ƙafafun Kaka duk taɓo.

Kusan wata guda ba ta yi wa Baba magana ba, sai amsa gaisuwa. A cikin kwanakin ya kai ni aka duba ƙirjina sau biyu, aka ce lafiya lau. Ranar da ta ji, ita ta zuba masa tuwo da hannunta, ta ce, "Ci, ka rame."

Ya ce zai sayo mata wata saniyar. Ta girgiza kai.

"Bar shi. Na tsufa da sabon sabo."

Shekara uku ta ƙara a duniya. Yanzu na girme ta a shekaru, kuma har yau ina jin haushin kaina da na koma gida da ta ce in koma. Da na bi ta, da na riƙe mata hannu a hanyar dawowa.