Ranar da Baba Ya Bar Yaronsa Ya Shiga Kogi

Ko da zan manta da harufan da na sha wahalar koyo da furfura a gemuna, ba zan manta da wata Asabar ba, a shekarar da ƙanƙara ta huhhuda kwanon ajinmu na yaƙi da jahilci a Tudun Wada. A lokacin ina tuƙa keke mai ƙafa uku da safe, bayan la'asar in je in zauna a bencin yara ina haɗa baƙi da wasali.

Malamarmu ɗaliba ce a jami'a, daga Titin Bauchi take zuwa. Da ta ga muna gyangyaɗi a kan karatu, sai ta kawo mana wani wasa. Kowa zai ƙirƙiri mutum, ya rubuta sunansa da sana'arsa a kati da hannunsa. Ita za ta riƙa ba da labari, mu kuma mu faɗi abin da mutanenmu za su yi. In abin mai haɗari ne, sai a jefa ɗan ludo, abin da ya nuna shi ne hukunci. Labarin kuwa na wani dodo ne da ya sace rana ya ɓoye bayan duwatsu, mu ne za mu ƙwato ta. Da farko na ce wannan ai tatsuniya ce da rana tsaka. Kafin wata ya zagayo, ina tuƙi ina tunanin maharbin da na ƙirƙira.

A cikinmu akwai Madam, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da doya, wadda ta zaɓi zama sarauniyar yaƙi, ba wanda ya yi mamaki. Akwai kuma wani dattijo mai gyaran rediyo daga Anguwan Rukuba, muna ce masa Baba. Shi nasa mutumin saurayi ne gwanin iyo. Sunan saurayin shi ne kalmar farko da Baba ya rubuta ba tare da an riƙe masa hannu ba.

Sai dai Baba ba ya barin yaron nan ya yi komai. In za a yi faɗa, yaron na gadin jaki. In an zo rafi, sai a zagaya. Madam ta riƙa tsokanarsa wai yaro naka tsoro kamar kaza, Baba ya yi murmushi kawai. Wata rana malama ta tambaye shi me yaron yake so a duniya. Baba ya ce ba ya son komai, ya kai gida lafiya kawai. Ta ce a hankali, wanda bai taɓa zaɓar komai ba, ta yaya za a ce ya rayu? Ban ga laifin tambayar ba a lokacin. Yanzu na san inda ta soka.

Ran Asabar ɗin nan muka iso wani kogi a cikin labari. Gada ta karye, sarauniyar Madam ta faɗa ruwa da sulkenta, kuma ba mai iya iyo sai yaron Baba. Baba ya riƙe katin da hannu biyu. Madam ma ta daina wasa, ta ce ya bari, za ta rubuta wata sarauniyar. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ce, "Ku tambaye shi." Malama ta ce ai shi ne bakin yaron. Baba ya nisa. "To, ya ce zai shiga."

Jifan farko ya yi kyau, yaron ya turo sarauniya gaɓa. Na biyu, na fitowarsa, ɗigo ɗaya ya nuna, wato ruwa ya ci shi. Malama ta dubi fuskar Baba, nan take ta ce ɗan ludon ya bugi littafi, a sake jefawa. Dukanmu muka ce haka ne, alhali ba abin da ya buga.

Baba ya dafe ɗan ludon da tafin hannu. "'Yata, kar ki yi mini ƙarya don tausayi. Wancan karon santsi ne ya ɗauke shi, ba don kowa ba. Yau da ƙafarsa ya shiga, kuma ya fitar da mutum."

Nan muka ji cewa sunan da ke katin na ɗansa ne, wanda ya nutse a tsohon ramin haƙar kuza shekaru da yawa da suka wuce. Baba ya yi tafiya a lokacin, ya dawo ya tarar an binne, kuma bai ƙara ambaton sunan ba sai a katin nan. Malama ta fashe da kuka tana ba da haƙuri, shi ne ma ya koma rarrashinta.

Asabar ta gaba bencinsa ba kowa, ta bayanta ma haka. Malama ta ce ita ta kore shi. Madam ta ce a garinsu in an yi mutuwa ba zama ake a jira ba, zuwa ake. Na kwashe su a kekena har shagonsa, da kwanon doya a cinyar Madam. Muka yi masa gaisuwa sosai kamar jiya aka yi rasuwar, na yi addu'a irin tamu, suka yi irin tasu. Madam ta durƙusa ta ce ɗansa ya cece ta, ba za ta manta ba. Baba ya rufe fuska da tsumman goge rediyo.

Da ya dawo aji, ya zo da sabon kati. Mutumin ciki tsoho ne mai ciwon gwiwa, mai gyaran rediyo. Madam ta ce wannan me zai yi wa dodo? Ya ce, "Yaron ya yi nasa. Saura ni."

Abin da na koya shi ne, faɗuwar ɗan ludo ba a hannunka take ba, amma shiga ruwan da dalilin shigarsa naka ne. Malama ta gama karatu ta tafi ba mu kai ga dodon ba. A tafiyar mun rasa jaki ɗaya, da takobin Madam, da yaro guda, wanda a wannan karon ya samu masu zaman makokinsa.