Karen da Ya Ƙwace Mini Baba

Ni ce auta a gidanmu da ke Anguwan Rukuba a Jos, kuma a wurinmu ragowar kwanon uba ta auta ce. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya magana, fuska kullum a ɗaure. Bai taɓa ce mini “kin yi ƙoƙari” ba. Amma in ya gama cin tuwon acca, sai ya bar tsoka ɗaya a gefen kwano, ya turo mini da yatsa. Iyakar soyayyar da na sani daga gare shi ke nan, kuma ta ishe ni. Har na girma na fara koyarwa a firamare, tsokar nan tawa ce.

Bayan rasuwar Mama, yayana ya kawo masa kwikwiyo daga Abuja, wai ya ɗebe masa kewa. Dalmeshiyan sunan irinsa, in ji yayana. Kwikwiyon ya zo kusan fari sol, kafin a ankara baƙaƙen ɗigo sun cika masa jiki kamar an yarfa masa tawada. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tsokana: “Baba, wannan na gadi ne ko na tukunya?” Baba ko kallo ba su ishe shi ba.

Karen nan bai san zama ba. Muka kulle shi a keji da rana, yadda kowa ke yi don kare ya yi zafi. Ya gaigaye ƙofar, ya fito, ya yi wa takalmina na zuwa coci kaca-kaca. Likitan dabbobi ya ce irinsu gudu ne rayuwarsu, a daina kulle shi, a riƙa ba shi ruwa da yawa, ban da hanta da kayan ciki. Shi ke nan fa! Baban da sai da aka roƙe shi ya je bikin kammala karatuna, shi ne kullum da sassafe yake hawa duwatsun bayan unguwa da kare. Da sanyin Jos ya kankama, ya yanke hannayen tsohuwar suwaitarsa ya sa wa karen, wai gashinsa gajere ne. Ni da na girma ina karkarwa a gidan nan, wa ya taɓa tambayata? Kuma ni ce mai kakkaɓe farin gashin nan daga kujeru.

Duk wannan na shanye. Sai wata Lahadi, bayan mun dawo daga coci, Baba ya gama cin abinci, ya bar tsoka a gefe. Har na miƙa hannu, sai ya ɗauka ya jefa wa kare. Kai! Allah ya sani, kishi ne ya turnuƙe ni, kishi da kare, ni da girmana. 

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar. Da yamma Baba kan zauna a gindin bishiyar piya, karen ya ɗora kai a cinyarsa, ni kuma ina kicin ina jiyo su ta taga. Baba mai shiru, sai zuba yake yi! Yana ba shi labarin yadda ya fara ganin Mama tana sayar da dankali a kasuwa, ya saya alhali ba shi da wurin dafawa. Yana gaya masa ɗakin ya yi masa girma yanzu. Wata rana har na ji ya ce, “Autar nan, in ta yi fushi, uwarta sak.” Ina nan tsaye bayan taga, amma kare aka gaya wa.

Ran nan murfin tukunya ya suɓuce mini, ya faɗi ƙasa da ƙara, dab da inda karen ke barci. Ko kunne bai motsa ba. Na ɗauki murfin na buga shi da ludayi dab da kunnen karen, shiru. Ashe kurma ne! Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na jira sai da suka zauna hirarsu, na fita na tsaya a kansu, hannu a ƙugu.

“Baba, karenka kurma ne. Duk surutun da kake masa, ko kalma ɗaya ba ya ji.”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Na sani. Tun zuwanmu na farko likita ya gaya mini. Irinsu da yawa haka ake haifar su.”

“Ka sani? To ni fa, Baba? Ga ni a gidan nan da kunnena biyu garau!”

Ya daɗe yana shafa kan karen kafin ya ce, “Ai shi ya sa, auta. Ke in na faɗa miki, za ki ji.”

Na tsaya ina jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba, sai da na koma kicin na ji ya ci gaba da yi wa karen magana.